Me Bature Yake Nufi da "Cultivate"? Fashin Baƙi Kan Kalmar da Ta Taso Daga Gona

Me ya haɗa fitsari da al'ada? Tambayar da wani kawuna ya yi mini ke nan kwanakin baya, yana riƙe da 'yar takardar da likita ya rubuta masa. Ya kwana huɗu yana fama da zafin fitsari, aka tura shi ɗakin gwaji, a jikin takardar kuwa an rubuta *urine culture*. Jikansa ɗan aji uku a ƙaramar sakandare ya karanta masa, ya kuma fassara masa kamar yadda aka koya musu a makaranta: *culture* dai al'ada ce. Kawu ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ce shi ciwo ya kawo shi asibiti, ba bikin kalankuwa ya zo ba.

Yaron bai yi ƙarya ba, likitan ma bai yi kuskure ba. Kalmar ce ke da fuska fiye da ɗaya, kuma tana da 'yar'uwa ta jini, *cultivate*, wadda ta ma fi ta rikita masu koyon Turanci. A ajin koyar da noma malami zai ce manomi yana *cultivate* ɗin masara. A bikin yaye ɗalibai shugaban makaranta zai tashi ya hori yara su yi *cultivate* ɗin ɗabi'ar karatu. A jarida a rubuta cewa wani ɗan takara yana *cultivate* ɗin sarakunan gargajiya. 'Yan shekarun nan kuma labarai suka fara kawo *cultivated meat*, naman da bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba, har na ji wani ya fassara shi da "naman da aka noma". A kafafen sada zumunta kuwa, da gardama ta yi zafi sai wani ya jefi ɗan'uwansa da *uncultured*, wanda aka jefa ya harzuƙa yana zaton an ce ba shi da asali.

To, duk waɗannan ma'ana ɗaya ce? In kuma za a mayar da kalmar Hausa, da me za a mayar da ita?

Saiwar tana cikin ƙasa

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Daga harshen Latin na tsoffin Rumawa ta fito, daga wani aikatau da ake kira *colere*. Wannan aikatau yana ɗauke da ma'anoni da mu yau za mu ga kamar ba su haɗa hanya ba: ka nome ƙasa, ka zauna a wuri, ka kula da abu, ka bauta wa abin bauta. A wurin Barume duk abu ɗaya ne, wato ka tsaya a kan abu kana yi masa hidima yau da gobe.

Kowace ma'ana ta haifi nata ɗa a Turanci. Noman ƙasa ya ba da *cultivate* da *culture* da *agriculture*, wadda farkonta *ager* ne, fili ko gona. Zama a wuri ya ba da *colony*, domin *colonus* a Latin manomi ne da ya je ya zauna a wata ƙasa yana nomanta. Ita ce kalmar da Turawan Ingila suka liƙa wa Legas bayan sun karɓe ta a 1861, ita ce kuma ta shiga cikin sunan Nijeriya a hukumance da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Bautar kuwa ta ba da *cult*, wadda a bakin ɗan Nijeriya yau ba ta nufin komai sai ƙungiyar asiri ta jami'a. Ke nan manomi da ɗan mulkin mallaka da ɗan ƙungiyar asiri kakansu ɗaya a ƙamus, ko da yake ba wanda zai so a haɗa shi zumunci da sauran.

*Culture* ta riga shiga Ingilishi, tun ƙarni na 15, kuma a lokacin galibi aikin gona take nufi. *Cultivate* ta biyo baya, ta zauna da gindinta a ƙarni na 17.

Bahaushe ya riga ya san wannan aikin

In ka tambayi ɗan birni mene ne noma, zai ce duk aikin gona ne, tun daga shuka har girbi. Ka tambayi wanda ya tashi a gona, sai ya gyara maka zance. Akwai sharar gona kafin ruwa ya sauka, akwai kai taki, akwai shuka, mai sungumi yana gaba yana sara, yara na biye suna jefa iri suna binnewa da diddige. Shi noma na ainihi sai shuka ta fito ake yin sa. Gero ya yi kamar mako biyu ko uku, ciyawa ta taso tana neman shaƙe shi, sai a duƙa da fartanya a yi noman fari, wanda wasu ke kira firi. A rage tsiron da ya yi yawa a rami ɗaya. Bayan 'yan makonni ciyawa ta dawo, a koma a yi maimai. Daga nan a tara wa gindin shukar ƙasa don kada iska ta kwantar da ita. Wanda ya shuka bai nome ba, harkiya da ƙarangiya ne za su ci gonar.

Abin mamaki, a Turancin manoma ma haka *cultivate* take. Ma'anarta ta kusa ita ce a sassauta ƙasa a kashe ciyawa a kewayen shukar da ta riga ta tsiro, shi ya sa ake kiran na'urar da tarakta ke ja tsakanin kunya da kunya *cultivator*. Tana kuma da ma'ana mai faɗi da ta haɗa da duk aikin raya amfanin gona, kamar yadda noma yake a Hausa. Da wannan faffaɗar ma'ana ake tuhumar mai gonar tabar wiwi a kotu da laifin *cultivation*. Da ita kuma wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Liberty Hyde Bailey, ya ƙirƙiri kalmar *cultivar* a 1923, wato irin shuka da mutane suka zaɓa suka inganta, kamar ire-iren wake da masara da dawa da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa da sunayen SAMPEA da SAMMAZ da SAMSORG.

Wanda ya riƙe hoton manomin nan a duƙe ya riƙe mabuɗin kalmar. Abu uku ke cikinta duk inda ta je. Abin da ake yi wa aikin yana da rai, ko ana ɗaukarsa kamar mai rai, zai iya girma zai iya mutuwa. Mai aikin da gangan yake yi, yana da abin da yake so ya girba. Sannan aikin ba na rana ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa. Ba a *cultivate* ɗin gini ko mota. Ba a kuma *cultivate* ɗin abin da ya faɗo wa mutum daga sama.

Yadda ta bar gona ta koma kan mutum

Wanda aka fi danganta wannan ƙaura da shi shi ne Sisero, lauya kuma ɗan siyasar Rum, wanda Turawa ke rubuta sunansa Cicero. A wani rubutu da ya yi a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwatanta zuciyar ɗan'adam da gona: komai albarkar ƙasa, in ba a nome ta ba ba ta ba da amfani, haka ma hankali in ba a ilimantar da shi ba. Ya kira falsafa noman rai. Turawan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna haddace Latin a makaranta suka ɗauki wannan kwatance suka yi ta maimaitawa, har ya daina zama kwatance ya zama ma'anar kalma ta yau da kullum.

Ba Rumawa kaɗai suka hango wannan ba. Ɗalibin da ya yi zaure zai tuna cewa Larabci cike yake da irinsa. Tarbiyya daga saiwar da ke nufin ƙaruwa da haɓaka ta fito. Zakka da tazkiyya sun haɗa ma'anar tsiro da ta tsarkakewa. Tahzibi, gyaran hali, asalinsa datse rassan itace ne don ya miƙe. Wanda ya fi burge ni shi ne *falah* ɗin da ladan ke kiran mu zuwa gare shi sau biyar a rana: saiwarsa tsaga ƙasa ce, ita ce ta ba da *fallah*, sunan manomi a Masar. Rabauta da huɗar gona gida ɗaya suka fito.

Hausa ma tana da nata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ka shuka shi za ka girba. Sai dai Bahaushe bai miƙa wuya gaba ɗaya ba, don shi ne kuma ya ce hali zanen dutse, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gardama ce tsohuwa, ko hali gado ne ko koyo, kuma Turawa suna da tasu, wadda Francis Galton, wani masanin kimiyya ɗan Ingila, ya yayata a 1874 da kalmomin *nature* da *nurture*, wato halitta da reno. Duk wanda ya yi amfani da *cultivate* a kan hali, ko ya sani ko bai sani ba, ya riga ya zaɓi ɓangare: yana cewa haƙuri da ladabi da son karatu abubuwa ne da ake iya shukawa a nome su.

"Cultivated man": wayayye ne ko mutumin kirki?

A nan ne fassara ta fi zamewa. In Bature ya ce wane *cultivated* ne, ko *cultured*, ba yana yabon tarbiyyarsa ba ne kamar yadda mu muka san tarbiyya. Yana nufin mutum ne da ya yi karatu mai faɗi, ya san adabi da zane-zane da kiɗan da manyansu ke ɗauka da daraja, ya iya zance a gaban manya, ya san wane cokali ake ɗauka da farko a wurin liyafa. Irin wannan mutum zai iya zama maƙaryaci, zai iya cin amana, kalmar ba ta ce komai a kan wannan ba.

Kwatanta da abin da Bahaushe ke kira mutumin kirki. Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulki a Arewa wanda ya koyar a Zariya kafin ya koma Oxford, ya gabatar da wata lacca a 1973 a kan wannan, inda ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duba jerin da kyau, babu sanin littafi a ciki, babu iya cin abinci da cokali mai yatsu. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya cika goman nan. Saboda haka wanda ya fassara *a cultivated man* da "mutumin kirki" ya ba shi abin da ba a ba shi ba. "Wayayye" ta fi kusa, ko "gogagge", ko "mai zurfin ilimi da sanin ya kamata", gwargwadon inda zancen ya dosa.

Kalmar tana ɗauke da ƙanshin aji, kuma ba a ɓoye yake ba. A Ostireliya masana harshe sun daɗe suna kasa karin Turancin ƙasar gida uku, suna kiran wanda ya fi kama da na manyan Ingila *cultivated*, kamar dai sauran bakunan ciyawa ce ta cinye su. Ga kuma wani abin dariya mai ɗaci. Kalmar da aka aro daga gumin manomi ita aka juya ana zagin manomi da ita. *Villain*, mugu a Turanci, asalinta ɗan ƙauye mai aikin gona. *Boor*, mara ladabi, 'yar'uwar *boer* ce, manomi a harshen Holan. *Urbane* kuwa, mai iya mu'amala, daga kalmar birni ta fito. Kada mu yi saurin yi musu dariya, mu ma haka muke: baƙauye da ƙauyanci zagi ne a bakinmu, ɗan birni yabo, alhali tuwon da ɗan birnin ya ci ya ƙoshi ya samu ƙarfin zagin daga ƙauyen ya zo. Don haka in an ce maka *uncultured* a intanet, ba asalinka aka taɓa ba. Baƙauye aka ce maka, ko bagidaje. Ko ka ji haushi ko ka share, wannan kai ya shafa, amma ka san abin da aka faɗa.

To ina al'ada ta shigo? A ƙarni na 19 kalmar *culture* ta rabe biyu a Ingila. Matthew Arnold, mawaƙi kuma sufeton makarantu, ya yi rubutu a 1869 yana ɗaukarta a matsayin neman kamala ta hanyar sanin mafi kyawun abin da aka taɓa tunani ko faɗa a duniya. A ganinsa abu ne da wasu ke da shi wasu ba su da shi. Shekara biyu bayan haka, a 1871, Edward Tylor, masanin rayuwar al'ummomi, ya bayyana ta a matsayin duk abin da mutum ke koya don yana cikin al'umma: sani, imani, sana'a, doka, ɗabi'a. A wannan ma'ana ba mutumin da ba shi da ita. Ma'anar Tylor ce ta shiga littattafan makarantunmu, ita muka fassara da al'ada, kalmar Larabci da asalinta ke nufin abin da ake komawa a kai a kai. Fassarar ta yi daidai, amma rabin kalmar kawai ta ɗauko. Ɗaya rabin, na Arnold, yana nan da ransa a cikin *cultured* da *cultivated*, shi ne ke yi wa ɗalibanmu kwanton ɓauna a jarrabawar WAEC da JAMB.

Yadda take aiki a jimla

Abu na farko, kullum tana buƙatar abin da aikin ya faɗa wa. Ba a cewa mutum yana *cultivate* a yi shiru, sai an faɗi me. Kuma wannan abin shi ke yanke hukuncin Hausar da za a sa.

In ƙasa ce ko amfanin gona, noma ne. In ɗabi'a ce, kamar a *cultivate the habit of reading* da shugabannin makarantu suka maimaita har ta sha jiki, Hausarta ita ce mutum ya saba wa kansa da karatu, ko a cusa wa yara son karatu. In murya ce ko wata baiwa, horarwa ce ko gogewa. In abota ce, Bahaushe ya gama magana da ya ce zumunta a ƙafa take, wato raya ta ake yi da ziyara da gaisuwa. In kuwa *image* ce, irin ta ɗan siyasa ko ɗan fim, to gina suna ne, mutum yana tsara yadda yake so a riƙa kallonsa.

Wurin da ya kamata a yi hattara shi ne in abin da ake *cultivate* ɗin mutum ne sukutum. In aka ce wane yana *cultivate* ɗin minista, ba tarbiyya yake ba shi ba. Jan sa yake a jiki don wata bukata: gaisuwar sallah, zuwa ɗaurin auren 'yarsa, turo rago, har ranar da za a fito da takardar neman kwangila. Ɗan jarida yana yi wa majiyarsa haka, ɗan leƙen asiri yana yi wa wanda yake so ya saya. Ba lallai mugunta ba ce, amma akwai lissafi a ciki, don manomi ba ya duƙawa a gona saboda ƙaunar ƙasa kawai. Na taɓa ganin takardar neman aiki da wani matashi ya rubuta yana alfahari da cewa ya yi *cultivate* ɗin shugabansa na baya. Yana nufin sun zauna lafiya. Abin da mai karatu zai fahimta shi ne ya iya fadanci.

Ba a kuma amfani da ita ga yara ko dabbobin gida. Yaro *raise* ɗinsa ake yi ko *bring up*, akuya kuma *rear*. Hausa ma ba ta cewa an noma yaro, reno ake yi, akuya kuma kiwo. Kalmar da ta yi daidai da reno ita ce *nurture*, wadda asalinta shayarwa ne, tana ɗauke da tausayi irin na uwa, ba ruwanta da lissafin girbi. Ita kuwa *refine*, da ƙamus kan jera kusa da su, tacewa ce, ita ce a cikin sunan matatar mai da ta sukari. Mai tacewa cire datti yake daga abin da ya riga ya samu. Mai reno ciyarwa yake da karewa. Mai noma yana yin duka biyun, yana ba da taki yana kuma cire ciyawa, shi ya sa *cultivate* ta zauna a tsakaninsu.

Gonar da ke cikin faranti

Mu koma kan kawu. Abin da ake yi da fitsarinsa noma ne na gaske, sai dai gonar ba ta fi tafin hannu ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi ɗigo ya shafa a kan wani abu mai kama da daskararren kamu, wanda ake haɗawa da sinadarin da ake samu daga ciyawar teku, a cikin ɗan faranti mai murfi. Farantin yana ɗauke da sunan Julius Petri, mataimakin masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch a Jamus, wanda ya fito da shi a 1887. Sai a sa shi a na'ura mai ɗumi daidai da jikin mutum, digiri 37, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. In akwai ƙwayoyin cuta, za su ci su hayayyafa har a gan su da ido, ɗigo-ɗigo a kan farantin. Daga nan a gwada musu magunguna daban-daban a ga wanne ke kashe su. Shi ya sa sakamakon ke ɗaukar kwana biyu ko uku, ba don ma'aikatan suna jan rai ba, shukar ce ba ta fito ba. Shi ya sa kuma likita ke so a ba da fitsarin kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, don wanda ya riga ya sha kamar ya fesa wa gonar guba ne kafin a ga abin da ke cikinta. Da na yi wa kawu wannan bayani sai ya ce, "Ashe shuka su ake yi. To me ya hana yaron nan ya faɗa haka?"

Wannan dabara ce ta haifi naman da ake ta magana a kai. Ana ɗaukar ƙwayoyin halitta daga jikin dabba, a sa su a manyan tankuna ana ciyar da su har su yawaita su zama tsoka. Wani farfesa ɗan Holan, Mark Post, ya nuna wa duniya irinsa na farko a Landan a watan Agustan 2013. Singafo ce ƙasa ta farko da ta yarda a sayar, a Disamban 2020. Amurka ta ba kamfanoni biyu izini a Yunin 2023, Upside Foods da Good Meat. Italiya kuwa ta haramta shi a ƙarshen 2023, jihar Florida ta bi sahu a 2024.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne rigimar suna. Masu adawa, musamman masu kiwon shanu, suna kiransa *lab-grown*, naman ɗakin gwaji, don sun san ba mai jin yunwa in ya ji haka. Masu sana'ar sun gwada sunaye da dama kafin yawancinsu su tsaya a kan *cultivated*, kuma dalilin a fili yake: kalmar tana ƙanshin gona da damina, a lokaci guda tana ƙanshin wayewa. Riba biyu da kalma ɗaya. Mai fassara da ya ce "naman da aka noma" ya taya su talla bai sani ba, ya kuma bar mai sauraro cikin duhu. "Naman da aka rena daga ƙwayoyin halittar dabba" ya fi tsawo, amma shi ke gaya wa Musulmi abin da yake buƙatar ji, domin tambayarsa ta farko ita ce daga wace dabba, kuma an yanka ta ko tana raye aka ɗiba, tunda akwai hadisin da ya ce abin da aka yanko daga dabba tana raye mushe ne. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta fitar da fatawa a 2024 cewa zai iya halatta bisa sharuɗɗa, daga ciki har da cewa ƙwayoyin su fito daga dabbar da ta halatta a ci, abin da aka ciyar da su ma ya zama halal.

Ƙasar da aka ce "ba a noma"

Inda kalmar ta fi taɓa talaka ba a aji ba ne, a takardun filaye ne, kuma da siffarta ta korewa: *uncultivated*. Kusan duk taron zuba jari da aka yi a kan noma sai wani ya tashi ya ce Afirka ce ke da kashi 60 cikin 100 na ƙasar noman da ba a nomawa a duniya, wani ya ce 65. Mai sauraro a otal sai ya hango fili fetal da ba mai shi, yana jiran tarakta.

Tunanin tsoho ne. John Locke, masanin falsafar Ingila, ya kawo hujja a ƙarshen ƙarni na 17 cewa gumin da mutum ya zuba a ƙasa shi ke mayar da ita tasa, ƙasar da aka bari ba noma kuwa kamar asara ce. Da irin wannan hujja aka riƙa kallon filayen farautar 'yan asalin Amurka a matsayin wuraren da ba kowa. Masu kare amfani da kalmar a yau za su ce ƙidaya ce kawai, ana buƙatar sanin inda za a iya faɗaɗa noma don ciyar da jama'ar da ke ƙaruwa, kuma akwai gaskiya a ciki.

Amma je ka ƙauye ka nuna wa dattijo filin da taswira ta ce *uncultivated*, ka ji sunayen da zai ba shi. Wancan saura ce, gonar gidan wane da aka bari ta huta shekara biyu don ta farfaɗo. Wancan makiyaya ce. Wancan siririn burtali ne, hanyar shanu zuwa mashaya. Can kuma dajin da mata ke samun itacen girki da kaɗe da ɗorawa da kuka, masu magani ke saran saiwa. Fako ne kawai, inda ko ciyawa ba ta fita, zai yarda ba ya amfanar kowa. Hausa tana da suna ga kowanne, kalmar Turancin ta tattara su duka ta sa a buhu ɗaya, kuma buhun ne ake miƙa wa mai zuba jari.

Dokar amfani da ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna. In hukuma ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada tana bin abin da aka inganta a kai ne, gini ko amfanin gona da ke tsaye. Mai gonar da gero ke tsaye a cikinta ranar da masu awo suka zo yana da abin nunawa a ƙirga masa. Mai saura da mai burtali, waɗanda aka rubuta wa *uncultivated* a gefen takarda, su ne ke komawa gida suna tambayar jikokinsu 'yan makaranta me kalmar take nufi.